Yadda ake samo ganyen Lahadin Dabino ba tare da an kashe bishiyar ba

Shekara goma sha ɗaya kenan ina cikin masu nemo wa ikilisiyarmu ganye duk Lahadin Dabino, wato Lahadin da ke zuwa mako ɗaya kafin Ista, a nan Jos, bana kuma an sa sabbin matasa a kwamitin, tun makon jiya suke ta kirana a waya, ina ake zuwa, me ake riƙewa, nawa ake sarowa. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ke wata coci ma in ya ga zai amfane shi ya ɗauka.

Abin da ya sa nake ɗaukar aikin nan da nauyi shi ne shekarata ta farko. Ranar Asabar da yamma aka tuna ba a kawo ganye ba, aka tura mu mu shida da adduna, muka gangara ta Hawan Kibo muka faɗa gonar wani dattijo da ba mu ma nemi izininsa ba, muka bi ƙananan kwakwar manja muna fizge tohon nan na tsakiya mai ruwan ɗorawa saboda shi ya fi kyau a ido. Da shekara ta zagayo muka koma, dattijon ya kama hannuna ya zaga da ni, ya nuna min guda bakwai da suka ruɓe daga sama suka mutu. Bai zage mu ba, cewa kawai ya yi "ɗana, waɗannan na shuka su ne saboda makarantar jikokina". Har yau maganar nan tana raina. Mun biya shi abin da muka iya, kuma a gonarsa muka koyi yawancin abin da zan faɗa a ƙasa.

Abu ɗaya ya kamata ka gane kafin ka taɓa adda. Kwakwar manja da dabino da giginya ba kamar mangwaro ko dogon yaro suke ba, da in ka sare reshe zai sake toho ta gefe. Su wurin tohonsu guda ɗaya ne tak, can tsakiyar kai, daga nan kowane sabon reshe ke fitowa a naɗe kamar takobi kafin ya buɗe. In ka sare shi can ƙasa ko ka fizge shi da ƙarfi ka ji wa zuciyar bishiyar rauni, ruwa ya shiga, ruɓa ta kama, ga wani ƙwaro mai dogon baki da ke bin ƙanshin sabon rauni ya yi ƙwai tsutsarsa ta cinye cikin. Wani lokaci bishiyar takan sha da kyar, wani lokaci shikenan. Rassan ƙasa kuwa waɗanda suka riga suka buɗe suka kwanta, su ne za ka iya ɗauka kaɗan ba a yi ɓarna ba, babbar kwakwa mai lafiya takan fitar da sabon reshe kamar biyu a wata.

Kuma kar ka ɗauka ƙaramin abu ne wai ai rana ɗaya ce a shekara. A ƙasar Kolombiya akwai wata doguwar bishiya dangin kwakwa wadda ita ce bishiyar ƙasarsu, akwai wani aku mai rawayan kunne da a cikinta yake sheƙa, sare daji da kuma sarar tohon bishiyar don Lahadin Dabino suka taru suka kusa ƙarar da shi, a 1999 guda 81 kacal aka ƙirga. Sai da cocin Katolika ta can ta shiga wayar da kai aka koma wasu ganyaye kafin tsuntsun ya farfaɗo. Mu ma ka lissafa yawan majami'u daga Bukuru zuwa Farin Gada, COCIN, ECWA, Katolika, Anglikan da sauransu, duk rana ɗaya suke nema, kuma yawanci hanya ɗaya ake bi.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Adda mai kaifi sosai, da magagari ko dutsen wasa a aljihu. Dakusasshiyar adda ita ke yayyaga jikin bishiya.

Lauje da aka ɗaura a doguwar gora, don rassan da hannu ba ya kaiwa. In babu, ƙaramin zarto ma ya yi a gajerun bishiyoyi.

Safar hannu mai kauri. Gindin reshen kwakwa da na dabino ƙaya ce zalla, ta dabino ma ta fi mugunta, in ta soke ka wurin yakan kumbura kwana da kwanaki.

Takalmi rufaffe ko na roba irin na ruwan sama, riga mai dogon hannu, hula. Ba silifas ba don Allah.

Buhun algarara uku ko huɗu, ko tsofaffin zannuwa, da jarkar ruwa. Igiya, tampol ɗaya.

Ɗan Hypo ko Jik da tsumma na goge bakin adda.

Almakashi da ƙananan wuƙaƙe na ranar Asabar, baho biyu ko uku.

Auduga, filasta da maganin wanke ciwo.

Kuɗin mai gona da na mai hawa bishiya a ambulan daban, da ƙaramin littafi na rubuta abin da aka yi.

1. Fara da lissafi, ba da neman mota ba

Ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana faɗawa ne tsakanin 15 ga Maris da 18 ga Afrilu, a 2025 ta zo 13 ga Afrilu, a 2026 kuma 29 ga Maris. Toh ka duba kalanda tun ranar Larabar Toka, wato ranar da ake shafa toka a goshi a fara azumi, ka fara shiri, kana da kusan mako shida.

Je wurin sakataren ikilisiya ka tambayi yawan mutanen da suka zo Lahadin Dabino na bara, ka ƙara kaɗan saboda baƙi da yaran Sande Sukul. Yanzu ga lissafin da yawancin kwamitoci ba sa yi. Babban reshen kwakwa ɗaya yana ɗauke da silin ganye sama da 200, ka cire waɗanda suka yage ko ƙwari suka ci, ka ce 150 masu kyau. In mutum 600 kuke, kowa zai riƙe sili ɗaya ko gicciye ɗaya da aka naɗa da ganyen, reshe huɗu ya isa a takarda, ka mai da shi bakwai saboda ɓarna. In jama'arku sun fi son abin da za su kaɗa sosai a jerin gwano, sai a yanka reshen gunduwa gunduwa kowace da sili biyar ko shida, reshe ɗaya zai ba ka kamar gunduwa 30. Sai ka ƙara 'yan cikakkun rassa na masu jan gaba da na ƙofar coci. Mu da wannan lissafin ba mu taɓa wuce reshe 25 ba, alhali da can a-kori-kura muke cikawa taf, ran Litinin a kwashe rabi a zubar ko taɓawa ba a yi ba.

Ka kai lissafin gaban fasto ko Fada da dattawa su amince, don kar ranar wani ya ce an yi rowa.

2. Nemo wuri da izini

Saman Jos akwai sanyi da tudu, kwakwar manja ba ta cika yawa a nan ba, sai ka gangara. Hanyoyin da aka saba su ne ta Riyom a sauka Hawan Kibo a nufi Akwanga har Lafiya, ko ɓangaren Kafanchan da Kagoro, ko kudancin Filato wajen Shendam. Amma kafin ka ƙona mai ka fara tambaya a cikin ikilisiya, sanarwa ɗaya ranar Lahadi ta isa: wa ke da kwakwa ko dabino a gida ko a ƙauye? Za ka yi mamaki, a zumuntar mata kaɗai za a samu mai gonar gado, a Rayfield da Dadin Kowa kuma akwai gidaje da dama masu bishiyoyin ado da dama can suna neman mai rage musu.

Abin da ya fi komai sauƙi, kuma ni shi nake fara nema duk shekara, shi ne manomin da ke girbin kwakwa a makon. Daga Fabrairu zuwa Mayu lokacin da kwakwa ta fi nuna ne, kuma mai hawa ba ya iya sauko da dunƙulen 'ya'yan sai ya sare reshen da ke tallafe da shi. Ka ga kenan rassan nan dole za su faɗo ko da mu ko ba mu, sau da yawa a ƙasa ake barinsu su bushe. In kuka daidaita ya yi girbinsa ranar Alhamis ko Juma'a, kun samu ganye ba a sare ko ɗaya saboda ku ba.

Ka je da kanka mako biyu ko uku kafin ranar, kar ka aika saƙo. Ka fara gaida mai unguwa in baƙon wuri ne. In ka isa wurin mai gona ka gaisa yadda ya kamata, ka tambayi iyali, sannan ka ce "Baba, roƙon arziki ya kawo mu, daga coci kaza muke a Jos, muna neman reshe ashirin na sujada, na ƙasa kawai, ba za mu taɓa toho ba, kuma kai za ka nuna mana bishiyar". Faɗi gaskiyar abin da za a yi da shi ko mai gonar Kirista ne ko Musulmi ne ko mai bin gargajiya, mun sha samu a hannun dukansu. In ya ce a'a ka yi godiya ka wuce.

Maganar kuɗi ku gama ta tun ranar. Da yawa za su ce "haba, na Allah ne, ku ɗiba". Ka karɓa da godiya amma kar ka tafi hannu rabbana, a riƙe sabulu, gishiri, shinkafa, wani abu dai. Shi kuma mai hawa a biya shi cikakken kuɗin aikinsa ba ragi, mutumin da ya ɗaura igiya ya hau bishiya mai tsawon bene biyu ransa ya sa a gaba, bai kamata coci ta zama ita ce mai taya aikinsa da arha ba.

Wuraren da ba a shiga sam: gandun daji na gwamnati irin su Pandam ko Jos Wildlife Park, bishiyoyin ado na tsakiyar titi da na makarantu da ofisoshi, da kurmin da mutanen gari ke girmamawa bisa al'adarsu. Bishiyar da ke bakin hanya ma tana da mai ita, don ba ka gan shi ba ba ya nufin babu shi.

3. Ranar sara

Alhamis ko Juma'a da sassafe ya fi. In ka sara tun Litinin iskar Jos ta watan Maris za ta busar da shi ya naɗe, in ka bari sai Asabar da yamma gaggawa za ta sa ku yi irin ɓarnar da muka yi. Ku fita da wuri ku dawo da rana tsaka, kar dare ya same ku a hanya, kuma mutum huɗu sun isa, taron yara da adduna a gonar mutum ba ya ƙarewa lafiya.

Da kun isa bishiya kar kowa ya matsa tukuna. A tsaya nesa kaɗan a duba sama, a bubbuga gindin da gora. Kan kwakwa gidan maciji ne da zuma da rina da jemagu. In ka ga sheƙar tsuntsaye na lilo a jikin rassan, ka bar wannan bishiyar gaba ɗaya ka nemi wata.

Yanzu zaɓen reshe, nan ne duk aikin yake. Ka kalli kan bishiyar kamar fuskar agogo. Duk reshen da ke kallon sama, daga ƙarfe tara zuwa ƙarfe uku, ba naka ba ne. Naka shi ne wanda ya kwanta a miƙe ko ya fara sunkuyawa ƙasa amma har yanzu kore ne shar. Wanda ya yi ja ko ya bushe ba zai yi maka amfani ba, amma in mai gona yana so ku taimaka ku cire masa.

Reshe biyu a kowace babbar bishiya, uku in tana da cika sosai kuma mai ita ya yarda. Kar ku ɗauke duka daga gefe ɗaya. In akwai dunƙulen 'ya'ya da bai nuna ba, a bar reshen da ke ƙarƙashinsa, shi ke riƙe da shi. Ƙananan kwakwa da ba su fara haihuwa ba, wato 'yan ƙasa da shekara uku zuwa huɗu, a ƙyale su duk da su ne suka fi sauƙin kaiwa, kuma na san su ne ke jan hankalin matasa saboda ba sai an hau ba. Kowane ganye a jikinsu abincinsu ne.

Wajen saran, ka bar ɗan gindin reshen kamar faɗin tafin hannu a jikin bishiya, sara ɗaya ko biyu mai tsabta, kar bakin adda ya shiga gangar jikin. Kar a ja reshe da ƙarfi in bai gama yankewa ba, yana ɓantaro jiki. Kar a sassare gangar bishiya don a yi matakala. Wanda ke ƙasa ya tsaya gefe, reshen kwakwa da nauyi kuma da ƙaya yake saukowa. Kafin ku koma wata gona a goge bakin adda da lauje da ruwan Hypo a ɗauraye, saboda akwai cututtukan da ƙarfe ke ɗauka daga wannan bishiya zuwa waccan.

Hawa kuma a bar wa mai hawa. Ko yaron ya rantse ya iya tun yana ƙauye, in ba sana'arsa ba ce kar ka yarda.

Giginya ni dai ba na taɓawa, ta yi tsawo, tana jinkirin girma, ganyenta kaɗan ne a kai. Dabino kuwa in an samu mai 'ya'ya da yawa da suka tsiro a gindi, masu shi kan so a rage rassan, ka yi amfani da dama, amma shi ma ka sassauta don bai kai kwakwa saurin mayarwa ba.

Kafin ku tafi a sare ɓangaren ƙaya na gindin rassan a tara shi wuri ɗaya inda mai gona ya nuna, kar a bar shi a hanya yara da dabbobi su taka. A rubuta a littafi: gonar wa, bishiya nawa, reshe nawa, nawa aka biya. Badi a canza gona ko a canza bishiyoyi.

4. Ɗaukowa da ajiya

A jera rassan kai da kai a ɗaure sako sako, a jiƙa buhunan algarara a lulluɓe, tampol a sama saboda iska da rana a hanya. In rassan sun fi motar tsawo a raba kowanne biyu, ba abin da zai rage. A coci a nemi ɗaki mai inuwa da siminti mai sanyi, a tsoma gindin a baho mai ruwa in da hali, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙunshe ganye a baƙar leda a bar shi a rana ko a but ɗin mota, kafin Asabar ya dahu ya yi baƙi yana wari. Na biyu shi ne a ajiye inda awaki ke kaiwa, suna son ganyen kwakwa sosai.

5. In saya za ku yi

Ba kowace ikilisiya ke da mota ko lokaci ba, saye ba laifi ba ne. Amma ka kwance damin ka duba. In ka ga duk fari fari ne mai ruwan ɗorawa, a naɗe kamar takobi bai buɗe ba, toh toho aka sassaro, kowane ɗaya kan bishiya ɗaya ne. Ka tambayi mai sayarwa daga ina, gonar wa. Wanda ya samo da izini ba ya jin nauyin amsawa. Abin da ya fi shi ne ka yi magana da mutum ɗaya tun da wuri ka ce masa kore kake so, buɗaɗɗe, adadi kaza, ka ba shi kafin alƙalami. Masu sayarwa abin da muke nema suke kawowa, ranar da majami'u suka daina tambayar farin toho za su daina sarowa.

Na san iyayenmu mata za su ce farin ya fi laushi wajen naɗa gicciye, gaskiya ne kuma. Amma koren ma yana naɗuwa in an cire tsinken tsakiya aka jiƙa shi, za mu zo wurin.

6. In ganyen bai samu ba ko bai isa ba

Kar hankalinka ya tashi har ka tura yara su faɗa gonar mutane. Buɗe Littafi Mai Tsarki ka duba, a cikin masu bishara huɗu Yahaya ne kaɗai a sura 12 ya ambaci dabino da suna. Matiyu 21 rassan itatuwa ya ce, Markus 11 ganyayen da aka yanko a saura, Luka 19 ma tufafi kawai ya ambata da aka shimfiɗa a hanya. Shi ya sa Kiristocin ƙasashen da ba su da dabino suke amfani da abin da ƙasarsu ta ba su, a Italiya zaitun, a Rasha da Yukren wani itacen bakin rafi, a Faransa wani ɗan itacen shinge mai ƙananan ganye. Toh mu ma muna da ganyen mangwaro, dogon yaro, gora, ayaba, duk masu saurin mayarwa. Sai dai ka fara shawara da fasto ko Fada kafin ka canza, kowace ɗarika da tsarinta.

In kaɗan aka samu, a tsaga kowane sili biyu a tsaye, ko a ba iyali ɗaya gunduwa ɗaya. Ko ku haɗa kai da majami'u biyu uku na unguwa ku yi tafiya ɗaya, kuɗin mai ya ragu. Na ado a gaban bagadi kuma mun daina sarowa gaba ɗaya, mun sayi ƙananan bishiyoyin ado dangin kwakwa a tukwane wurin masu sayar da furanni na bakin titi, shekara biyar kenan su muke jerawa, bayan Ista a mai da su bayan gidan fasto ana ba su ruwa.

7. Asabar, tsagewa da naɗa gicciye

A shimfiɗa tampol a inuwa, a kira zumuntar mata da matasa da manyan yaran Sande Sukul. A yanke silin daga jikin reshe da wuƙa ko almakashi, a wanke a baho saboda ƙura da kashin tsuntsu. Wanda za a riƙe haka nan a ɗaure hamsin hamsin don masu tsaron ƙofa su san abin da suka raba.

Na gicciye, ka sa farce ko wuƙa ka zare tsinken tsakiya, za ka samu ɓari biyu masu laushi. A jiƙa su kamar minti goma. Hanya mafi sauƙi ga sabon hannu: ka ninka dogon ɓari biyu ya zama tsayuwar, ka ɗauki gajere ka lanƙwaso bakinsa biyu su haɗu a tsakiya ya zama hannuwan, ka ɗora shi a kan tsayuwar sama da tsakiya kaɗan, sai ka tsago siririn zare daga ganyen ka ɗaure mahaɗar ta nan da ta can ka cusa bakin a baya. Akwai salon da ake yi da ɓari ɗaya ba ɗauri, wannan sai ka zauna kusa da wata Mama ka kalli hannunta, rubutu ba zai koya maka ba. Kar a sa sitefula ko salatif, za su ba da matsala ranar ƙonawa.

Tsinkayen da aka zare kar a zubar, a kankare a shanya a ɗaure, tsintsiyar sharar coci ta samu. Sandar reshen ta yi shinge ko itacen girki. Gicciyen da aka gama a zuba a baho a rufe da jiƙaƙƙen zane har safiya.

8. Bayan sujada

Ku sa masu tsaron ƙofa su raba a hannu ɗaya ɗaya, kar a jibge a bakin ƙofa kowa ya ɗiba. Bayan an tashi a bi layin jerin gwanon a tsince duk wanda ya faɗi, abin da aka ɗaga ana Hosanna da safe bai dace a gan shi a kwata da yamma ba. A Katolika ganyen da aka sa wa albarka ba a jefa shi a shara, ko a ƙona ko a binne, mutane kan kai gida su saƙala a bango har shekara ta zagayo. Ko a cocin da ba ta da wannan ƙa'idar ina ba da shawarar a tara ragowar a binne a gindin bishiya ya zama taki.

Ga majami'un da ke yin Larabar Toka, tokar daga ganyen bara ake yinta, ga yadda muke yi. Mako biyu kafin ranar a yi sanarwa kowa ya dawo da nasa. A cire duk wani zare, leda ko ƙarfe, a yayyanka ƙanana, a tabbatar ya bushe ƙamas. A samu tukunyar ƙarfe mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fenti ko mai a ciki ba, a kai fili nesa da busasshiyar ciyawa, da sassafe kafin iska ta tashi, lokacin rani ne wuta ba ta da wuyar tserewa, bokitin ruwa na kusa. A kunna da ashana kawai, ba kananzir ba fetur ba takarda. A riƙa zubawa kaɗan kaɗan ana juyawa da ƙarfe. In ya cinye a rufe tukunyar a bar ta ta huce har washegari, sannan a daka a turmi mai tsabta a tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu, a zuba a kwalba busasshiya mai murfi.

Hattara a nan, duk wanda ya san ruwan toka na miya ko na sabulu ya san toka in ta haɗu da ruwa tana da kaifi, tana iya ƙona fata, musamman goshin yara. Kar ka haɗa da tokar murhu don ta yi yawa, kar kuma ka kwaɓa ta da ruwa tun dare ta kwana. Ka kai wa Fada ko rabaran a bushe, in an ɗan jiƙa kaɗan a ranar a gwada a bayan hannu na 'yan mintoci kafin a fara shafa wa jama'a. Toka ba ta buƙatar yawa, cikin ƙaramar kwalba ɗaya yakan ishe mu har da saura.

9. Da ruwan sama ya sauka

Wata ɗaya ko biyu bayan Ista ka koma gonar da kuka sara, ka gaida mai ita, ka duba bishiyoyin da idonka, in akwai wadda ta nuna alamar rauni ka rubuta kar a taɓa ta badi. Mu duk shekara muna kai masa dashen kwakwa biyar daga kuɗin kwamiti a farkon damina. In cocinku na da fili ku shuka naku, ku tambayi masu renon itatuwa irin da ke jure sanyin Jos, akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a nan cikin gari in kuna son shawarar masana. A haƙa rami mai faɗi a zuba taki, a kewaye da waya ko ƙaya saboda awaki, a ba wa mutum ɗaya da suna alhakin ban ruwa daga Nuwamba zuwa Maris, kuma a rubuta a littafin kwamiti shekarar da aka shuka don kar wani ya sa musu adda kafin su kai.